Koyil Ba Ya Son Canji: Nasiha Ga Mai Koyon Lantarki

 Ɗana, tunda kana karatun lantarki da safe, da yamma kuma kana shagon masu naɗin koyil, ga wata magana da nake so ka riƙe. Na lura ku 'yan makaranta kun fi ba da ƙarfi wajen murɗa yatsu, babban yatsa nan, manuni can, don ku gano inda wuta ta nufa a cikin waya. Dokar Fleming ce, ba ta da laifi. Sai dai abin da aka haddace ba a gane ba, ranar jarrabawa yakan watsa wa mutum ƙasa a ido, hannun dama ya koma na hagu. Fara da sanin dalili tukuna.

A 1831 Michael Faraday ya yi wani gwaji a Landan. Ya naɗa waya biyu a jikin zoben ƙarfe, ba su taɓa juna ba, ɗaya ya haɗa da batir, ɗaya da ma'auni mai allura. Yana haɗa batir sai allura ta zabura, ta dawo ta kwanta, alhali wuta na nan tana gudu a waya ta farko. Yana cirewa ta sake zabura, amma zuwa ɗaya ɓangaren. Ashe ba kasancewar maganaɗisu ke haifar da wuta a koyil ba, ƙaruwarsa ko raguwarsa ce. Joseph Henry ma ya gano haka a Amurka kusan lokaci guda. A 1834 kuma Lenz, malamin kimiyya a birnin Petersburg na Rasha, ya faɗi inda wutar ke dosa: kullum tana bin hanyar da za ta yi jayayya da canjin da ya haife ta.

Kada ka tsaya ga jin labari. Sami siririyar wayar jan ƙarfe ka naɗa ta da yawa a kan bututun kwali, ka haɗa bakinta biyu da mita mai allura, ka samo maganaɗisu mai ƙarfi. Tura kansa na arewa zuwa bakin koyil. Bakin nan zai zama arewa shi ma don ya ture baƙon, kuma in kana kallonsa daga wajen maganaɗisun, wutar tana zagayawa saɓanin hannun agogo. Tsayar da hannunka cak, allura ta kwanta. Janye shi, bakin ya rikiɗe ya zama kudu yana neman riƙe shi, wuta ta juya ta bi hannun agogo. In ka zo ya ture ka, in za ka tafi ya riƙe maka riga.

Me ya sa? Ka ɗauka akasin haka ne. Da koyil zai jawo maganaɗisun da ke matsowa, gudunsa ya ƙaru, wuta ta ƙaru, jan ya sake ƙaruwa, ba tare da kowa ya yi gumi ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ƙarfin da ka sa wajen turawa, shi ne ya koma wuta. Ka saurari janareta lokacin da aka jona dutsen guga: kukansa na canzawa, ya yi nishi, ya ƙara shan mai, saboda wutar da ake ja tana danne juyawarsa. Haka abin yake a Kainji da Shiroro, sai dai can nauyin ruwa ke biyan kuɗin. Saboda haka duk wanda ya zo maka da janareta marar mai, wai batir na juya mota (injin lantarki), mota na juya janareta, shi kuma yana cika batirin, ka yi masa godiya, kuɗinka su zauna a aljihu. Zai yi aiki ne iyakar cajin batirin.

A shago ma za ka gamu da dokar Lenz ɗin nan kullum. Mota in tana juyawa, koyil ɗinta na haifar da wutar da ke tare wadda ke shigowa, shi ya sa ba ta cika zafi ba. Da zarar fanka ta cije tana gunji ba ta juyawa, tariyar ta ragu ainun, wuta ta kwararo, ba da jimawa ba ka ji ƙaurin waya. Taransfoma kuwa tana aiki ne don wutar gidajenmu na juya alkibla sau 100 a daƙiƙa guda. Ka jona ta da batir kai tsaye, babu abin da za ta ba ka sai zafi.

In maigidanka ya miƙo maka koyil da ya ƙone, kada ka yi gaggawar yanke wayar. Ƙirga naɗin, auna kaurin wayar, duba ta wane ɓangare aka naɗa kowane ɗauri, ka rubuta a takarda kafin ka warware. Ɗauri guda in ya juya baya, zai yi faɗa da sauran, aikin yini ya tashi a banza. Ka gaida min maigidan naka, ka kuma riƙa tambayarsa abin da ya shige maka duhu.