Wasiƙa ga ƙannenmu na Yankwashi masu shirin karatun jinya



Na samu labarin cewa da yawanku, daga Karkarna har ƙauyukan kewaye, kuna neman gurbi a makarantar jinya ta Birnin Kudu ko ta Haɗejia, wasu 'yan matan kuma sun nufi ta ungozoma a Babura. Allah ya ba da sa'a. Roƙona gare ku shi ne kada ku raina aikin awo, domin a ƙaramin asibitin ƙauye sau da yawa babu likita, abin da kuka auna shi za a yi aiki da shi.

Idan uwa ta kawo yaro yana tari, kada ku yi saurin miƙa hannu ga magani. Ku ɗaga masa riga, ku bari ya daina kuka, ku ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur kuna duban agogo. Daga wata 2 zuwa shekara 1, numfashi 50 ko fiye ya yi sauri. Daga shekara 1 zuwa 5 kuwa, 40. Idan ciwo ya kama huhu, iskar da ke shiga jini raguwa take yi, sai jiki ya dinga haki don ya cike gurbin. In kuma yaron ya kasa kama nono, ko yana amayar da duk abin da aka ba shi, ko an tashe shi ba ya tashi, to, babban asibitin Kazaure za a nufa a lokacin, ba sai gari ya waye ba.

Haka mai ciki a wurin awo. Jininta ya kai 140 bisa 90, ga ciwon kai, tana ganin dishi-dishi, fuska ta kumbura: jijjiga na iya biyowa baya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ma'aikacin da barci ya ci ƙarfinsa a aikin dare, ya rubuta lambar da bai auna ba. Wanda ya karɓe shi da safe zai yarda da takardar nan, alhali ran mutum ne a cikinta.

Shugabancin da za ku fara yi ba a ofis yake ba. Maigida ne zai ce babu kuɗin mota, suruka ta ce a jira tukuna. Ku gaishe su da ladabi, ku ce: "Baba, jininta ya hau, maganin da take buƙata ba mu da shi a nan." Ku ja ungozomar unguwa a jiki, don ita matan suka fi jin maganarta. Lambar direban da zai iya tashi cikin dare kuma ta kasance a rubuce a bangon ɗakin awo tun ranar da kuka kama aiki.

Wassalam,
Yayarku a aikin jinya