Naɗa Kwayil ɗin Shishar Lantarki da Hannu: Abin da Mita Ke Nunawa

Sana'ata gyaran kayan lantarki ce a nan Haɗejiya: naɗin fanka, famfon sola na masu noman rani, inbata, tocila, jefi-jefi har da wayar hannu. A 'yan shekarun nan wani sabon kaya ya shigo cikin abin da ake dire mini a kan teburi, wato shishar lantarki, wadda wasu ke ce wa sigarin lantarki. Wani ya zo a yi mata caji bayan irin ta sha-ka-yar ce, wani batir yake nema, wani kuma ya ce in gutsuro masa 'yar waya zai naɗa kwayil da kansa, don ya gani a bidiyo. Kan wannan na ƙarshen nake son yin magana, domin naɗa waya aikina ne, kuma na san inda take cizo.

Na'urar ba ta da wani sirri. Batir ne, da 'yar waya da aka nannaɗe, wato kwayil, da auduga da ke tsotso ruwan da ake zuƙa. In an danna, wuta ta bi ta cikin wayar, ta yi zafi, ruwan ya zama tururi. Wani mai harhaɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙirƙiro irin wadda ake yayi yanzu a 2003. Daga baya masu sha'awar abin a Turai da Amurka suka fara naɗa kwayil da hannunsu don hayaƙi ya ƙara yawa, kuma bidiyonsu ne yaranmu ke kallo a TikTok da YouTube. Abin da bidiyon minti ɗaya ba ya nunawa shi ne kayan aikin da ke gefen mai naɗin, da lissafin da ya yi kafin a kunna kyamara.

Kayan ba su da yawa. Akwai ƙaramar filaya mai yanka waya daidai wa daida, don kada tsinin da ya rage ya taɓa murfi. Akwai sandar naɗi mai sanannen kauri, galibi milimita 2.5 ko 3, da ƙaramin sukundireba da alanki na ɗaure ƙafafun wayar, da almakashi mai kaifi na auduga. Akwai hantsaki mai bakin tangaran, kuma dalilin tangaran ɗin shi ne ba ya ɗaukar wuta: in ka matse kwayil da hantsakin ƙarfe alhali wuta na ciki, ka haɗe layi ke nan. Duk waɗannan mai gyaran waya na iya samun makamancinsu a cikin akwatinsa. Amma uwa uba ita ce mitar auna turjiyar waya, kuma ita ce ban taɓa ganin yaro ya zo da ita ba.

Bari in tsaya a nan, don nan ne rai yake. Kowace waya tana da turjiyar da take yi wa wuta, ana auna ta da om. Ƙa'idar da duk ɗan koyo ke haddacewa a shekararsa ta farko ita ce: ka raba ƙarfin batir da turjiyar waya, abin da ya fito shi ne yawan wutar da za a ja, wato amfiya. Batirin da ake sa wa manyan na'urorin nan, wanda ake kira 18650 saboda kaurinsa milimita 18 ne tsawonsa 65, yana kai bolt 4.2 in ya cika. Kwayil mai om 1 zai ja amfiya 4.2. Mai rabin om zai ja 8.4. Mai om 0.2 zai ja 21. Mai om 0.1 kuwa 42 zai ja. Dubi tazarar da ke tsakanin biyun ƙarshe: a ido ba za ka bambance su ba, zagaye biyu ko uku ne aka rage, ko aka ɗauki wayar da ta ɗan fi kauri, amma nauyin da aka ɗora wa batir ya ninka. In kuma aka jera kwayil biyu iri ɗaya gefe da gefe, kamar yadda ake yi a bidiyon, turjiyar ta rabu biyu, wutar ta sake ninkawa. Batura masu kyau na irin wannan aiki, na kamfanonin da aka sani, iyakarsu tsakanin amfiya 20 zuwa 30 ne. Abin da ya haura haka, batirin ne zai biya, kuma yana daf da haƙoranka lokacin.

'Yan uwana masu gyara za su ce ai muna da mita. Muna da ita, amma 'yar rawayar nan da muke saye a Sabon Gari ko Farm Centre a Kano ba ta isa wannan aiki ba. Juya ta zuwa om, ka haɗa bakin igiyoyinta biyu da juna ka gani: sau da yawa za ta nuna maka 0.3 ko 0.4 ba tare da ka auna komai ba, turjiyar igiyoyin kansu ce. Wanda ke auna naɗin fanka mai ɗaruruwan om bai damu da wannan ba. Wanda ke neman bambanci tsakanin 0.1 da 0.2 kuwa, kuskuren mitar ya fi abin da yake aunawa girma. Shi ya sa masu wannan harka a waje suke da tasu mitar ta musamman, wadda ake ɗaura kan na'urar a kanta kai tsaye, tana karanta lamba biyu bayan ɗigo. Kuma suna aunawa sau biyu, kafin a rufe murfi da bayan an rufe.

Sai batun wayar kanta, wanda shi ya fi ɓata mini rai, domin a shagunanmu ake samun ta. Wayoyin da aka yi don wannan aiki su ne Kanthal, wadda haɗin ƙarfe ce da kuromiyam da alminiyam, sai nikurom, sai ƙarfe marar tsatsa mai lamba 316L. Akwai ta nikel da ta titaniyam, amma su sai a na'urar da ke iya tsare zafi a wani mataki. Ba ko ɗaya daga cikinsu da ake sayarwa a kan teburin mai kayan wuta na unguwa. To me yaro ke samu? Wani matashi ya taɓa kawo mini tasa ta daina aiki, na kwance kan, sai ga jar wayar naɗin fanka ya nannaɗe a kan ƙusa, zagaye bakwai tsaf, gwanin kyau. Banish ɗin da ke jikinta ya ƙone ya yi baƙi ya manne da audugar, robar da ke ƙasan sukurun ta narke ta karkace, rigar batirin kuma ta tattare daga sama. Tagulla ta fi Kanthal sakin wuta fiye da sau 80, don haka abin da ya naɗa bai da maraba da ɗaukar waya a haɗa kan batir da gindinsa. Na'urarsa ta farko mai allo ce da ke yanke wuta da kanta, bayan ya gaji da ita ya koma wata marar allo, irin bututun ƙarfen nan da babu komai tsakanin batir da kwayil sai maɓalli. Allah ne Ya kiyaye shi, na kuma gaya masa haka.

Wasu kuma wayar ɗaurin rodi ko ta raga suke warwarowa. Mai rufin tutiya in ta ji wuta tana fitar da hayaƙin da masu walda suka sani sarai, wanda ke sa zazzaɓi da ciwon ƙirji da daddare bayan an yini ana ƙona farin bututu. Wani ya ciro ta tsohuwar hita, da dattin shekaru a jikinta. Wani ya liƙa ƙafar da dalma, alhali dalmar da muke aiki da ita tana narkewa tun wajen digiri 190, ƙasa da zafin da kwayil ke kaiwa, kuma gubarta ba baƙuwa ba ce a Arewa tun abin da ya sami yaran Zamfara a 2010. Auduga ma haka: ta katifa, ko ta gona da aka yi wa feshi, ko zaren roba da ke narkewa.

Batir ɗin kuwa, yawancin 18650 da ke yawo a hannun mutane daga cikin mataccen batirin laftof aka farke su. Mu ma muna amfani da su, a tocila da fankar caji da fawa bank, kuma suna yi, don waɗannan ba sa jan wuta mai yawa. An yi su ne su ba da amfiya kaɗan na tsawon lokaci, ba 20 a tashi ɗaya ba. Akwai kuma sababbi masu kyalli da aka rubuta wa 9800mAh a jiki. Ƙarya ce. Na gaske a wannan girma bai kai ko rabin haka ba, kuma in ka ɗora na jabun a tafin hannu za ka ji ya fi sauƙi. Wani abin da mutane ba su sani ba: duk gangar jikin batirin nan layi ɗaya ce, ɗan maɓallin sama kaɗai ne ɗaya layin, kuma siririyar rigar roba da zoben da ke sama su ne suka raba su. In rigar ta yage aka jefa shi a aljihun kaftani tare da makullin babur, ya isa. Ƙara da zafin garin nan a watan Afrilu da Mayu, lokacin da ake haura digiri 40 a inuwa, ga na'ura an bar ta a ƙarƙashin kujerar babur ko gaban gilashin mota.

Kada a ce tsoratarwa ce. A watan Mayun 2018 wani mutum ya mutu a St. Petersburg ta jihar Fulorida a Amurka bayan irin wannan bututun marar allo ya fashe masa a fuska, kuma a watan Janairun 2019 aka sake yin haka a Fort Worth ta jihar Tekzas. Can akwai motar asibiti a bakin ƙofa. Wanda abin ya samu a Guri ko Kirikasamma cikin damina, lokacin da ruwa ya yanke hanya, sai ya yi tunanin yadda zai iso Babban Asibitin Haɗejiya.

Na sha jin ana cewa to in an sami kayan ƙwarai fa? In an sami mita ta gaske, da waya ta gaske, da batir na gaske, an rage haɗarin fashewa ƙwarai, ba na musu. Huhu dai bai shiga wannan lissafin ba. Masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins sun gwada na'urorin mutum 56 a wani aiki da aka buga a 2018, suka sami dalma da kuromiyam da nikel da manganis a cikin tururin, kuma alamu sun nuna cewa bayan ruwan ya taɓa kwayil ne ƙarafan ke ƙaruwa. Auduga in ta bushe aka ci gaba da dannawa, ruwan na ƙonewa ya ba da sinadarai masu cin maƙogwaro. A 2019 zuwa farkon 2020 Amurka ta ƙirga mutum 2,807 da suka kwanta asibiti ko suka rasu da ciwon huhu mai alaƙa da zuƙar nan, 68 daga ciki sun mutu, kuma an danganta yawancinsa da wani mai da ake gaurayawa a ruwan wiwi na bayan fage. Wannan ya shafe mu kai tsaye, don wanda ya iya buɗe tanki ya naɗa kwayil, ya iya zuba duk abin da aboki ya miƙo masa. Ga kuma nikotin, mai kama mutum kamar yadda taba ke kamawa, ko da ƙamshin mangwaro ko na'ana'a ya rufe shi. Magidancin da ya shekara ashirin yana shan sigari yake neman hanyar bari, maganarsa daban ce, ya je ya ga likita. Yaron sakandare da bai taɓa kunna kara ɗaya ba, ba shi da abin da zai samu a nan sai sabon kamu. Dokar hana yaɗuwar taba ta ƙasa ta 2015 ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba kayan taba, kuma ni a shagona haka nake ɗaukar wannan na'ura, ko ta shiga dokar ko ba ta shiga ba.

Roƙona ga abokan sana'a, daga nan cikin gari har Malam Madori da Auyo da Kafin Hausa: in yaro ya zo neman 'yar guntuwar waya ko batirin laftof ɗaya tak, a tambaye shi me zai yi da shi. Ɗan kuɗin da za a samu a kai bai kai haɗarin ba. Masu cajin waya da janareta su ma su lura da abin da ake tura musu cikin tarin wayoyi. Ta sha-ka-yar wadda ba ta da ramin caji, ba a yi ta don a sake cika ta ba. In an farke gindinta aka liƙa mata igiyar caja kai tsaye, bolt 5 ake ɗura wa batirin da iyakarsa 4.2, babu abin da zai tsayar da shi, kuma yana kwance cikin wayoyin mutane hamsin a rumfar katako. Birtaniya ta hana sayar da irin wannan tun 1 ga Yunin 2025, Indiya kuwa ta hana sigarin lantarki gaba ɗaya tun 2019.

Iyaye kuma, abin yana kama da alƙalami mai kauri ko ƙaramar fawa bank, ba ya barin warin taba a riga, sai ƙamshin alewa. Kwalbar ruwansa guba ce ga ƙaramin yaro in ya kurɓa, a kai shi asibiti nan take. In batir ya kumbura, ko ya yi zafi ba a aiki da shi, ko ya fara wani wari mai zaƙi, a fitar da shi waje a kan ƙasa nesa da zana da fetur, kada a shaƙi hayaƙin. In ya ƙona mutum, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na kamar minti 20 sannan a tafi asibiti, ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, ban da manja.

Matattun batura kuma kada a jefa su a bola. Bolarmu ƙona ta ake yi, yara na tsaye a gefe, abin da bai ƙone ba kuma ruwan Agusta ya kwashe shi ya bi kwalbati zuwa kogi da fadamun da muke kamun kifi da noman shinkafa. A naɗe kan batirin da gindinsa da salatif, a kawo wa mai gyara mafi kusa. Ni ina tara su a cikin gwangwanin ƙarfe mai yashi a bayan shago, inda rana ba ta bugu, kuma ba na karɓar ko kwabo a kan wanda aka kawo.