Me Ya Sa Ake Dagewa Kan Times New Roman?

Tambaya: Ni ɗalibi ne ɗan Birnin Malam, ina karatu a jami'ar Aliero. Duk wanda zai buga kundin kammala karatu sai a ce masa lalle ya yi da Times New Roman, lamba 12. Ina asalin wannan rubutu, kuma da me ya fi sauran?

Amsa: Asalinsa rubutun jarida ne. Jaridar The Times ta Landan ce ta sa aka ƙera mata shi, ƙarƙashin jagorancin Stanley Morison na kamfanin Monotype, Victor Lardent kuma shi ya zana haruffan. Ranar 3 ga Oktoba, 1932 aka fara buga jaridar da shi, ta kuma yi shekara 40 tana amfani da shi kafin ta sauya a 1972.

Ka ɗauki shafi guda ka dubi harafin T ko m da kyau. Za ka ga ƙarshen kowace sanda yana da 'yar ƙafa, wani sashe na harafin mai kauri ne, wani siriri, kamar rubutun alƙalamin kara da aka fiƙe bakinsa da faɗi. Haruffan kuma matsattsu ne, ƙananansu na da ɗan tsayi. Da gangan aka yi haka, domin jarida na son cusa magana mai yawa a ɗan fili, kuma mai karatu ya gane ta cikin sauƙi. 

Yaɗuwarsa kuwa aikin kwamfuta ne. Microsoft ya saka shi cikin Windows a 1992, ya zama shi ne rubutun da Word ke buɗewa da shi har 2007, lokacin da Calibri ya gaje shi. Don haka yana cikin kusan kowace kwamfuta. Abin da ka tsara a Aliero, in ka kai shagon buga takardu a Jega, shafukan ba za su wargaje ba. Malaminka kuma na son kowa ya yi awo da mudu ɗaya, kada wani ya kumbura shafi 40 ya koma 60 da manyan haruffa. A ganina wannan hujja ce mai ƙarfi.

Ga inda nake so ka kula sosai. Idan aikinka na da Hausa a ciki, tsofaffin samfuransa ba su da haruffanmu masu ƙugiya: ɓ, ɗ da ƙ. Sai ka ga kwamfuta ta aro su daga wani rubutun, sun fito bambarakwai, ko ta zuba akwatuna a gurbinsu. Sababbin samfuran suna da su. In ka gamu da tsohuwar kwamfuta, akwai Doulos SIL, kyauta ne, ya yi kama da Times ƙwarai, kuma yana da su duka. Kada ka yarda a cire ƙugiya don sauƙi, domin ƙafa da kafa ba abu ɗaya ba ne.

A allon shago ko sanarwar da za a hango daga nesa, siraran sassansa ɓacewa suke yi, gara Arial mai kauri. A kundi kuwa, bi umarnin malaminka, ka mayar da aikin PDF kafin ka kai bugu, sannan ka duba shafin farko da idonka. Allah ya ba da sa'a.