Yadda ake saka bidiyon 3D na hawan Sallah a faifan DVD

Wanda ya ɗauki hawan Sallar Gani a Daura da wayoyi biyu a jere, tazarar kyamarorinsu kamar santimita 6.5, zai iya kallonsa da zurfinsa a talabijin ɗin gida. Na'urar DVD ba ta san 3D ba, saboda haka sai a haɗe bidiyon biyu da FFmpeg su koma ja da shuɗi, a kalla da tabarau mai jan gilashi a idon hagu. A ɗora shi kan faifai da DVDStyler a tsarin PAL, a ƙure ingancin, domin matsewar DVD tana cinye launi har hoto ya riƙa ninkuwa.

Inda gizo ke saƙar shi ne jajayen rigunan dogarai: ido ɗaya yana ganinsu da haske, ɗayan da duhu, har kai ya yi ciwo. Gara a rage launin kafin haɗawa.