Kagarar Elmina Da Yadda Ake Sauka Kusa Da Ita

Elmina gari ne na masunta a bakin teku, cikin ƙasar Gana, wadda a da ake kira Gwalkwas. Tsakaninsa da Cape Coast kamar mil 8 ne. Abin da ke kai baƙi can kuwa shi ne wata tsohuwar kagara ta dutse, wadda Turawan Fotugal suka gina cikin 1482 domin cinikin zinariya.

Daga baya ciniki ya koma na bayi. Har yanzu ɗakunan da aka riƙa tsare su suna nan ƙarƙashin soro, duhu ƙirin, iska ba ta shiga sai ta 'yar kafa. Bisa kansu masaukin Gwamna yake, da tagogi masu duban teku. Ƙofar da ake fitar da bayi zuwa jirgi kuwa ba ta cin mutum biyu gaba ɗaya. Wanda duk ya tsaya nan, ko mai surutu ne, ya kan yi tsit.

Cikin 1637 Turawan Holan suka ƙwace ta, ta hanyar kafa igwa bisa wani tudu da ke dubanta. Da suka ga inda aka ci masu ita, sai suka gina wata kagara bisa tudun nan. Cikin 1872 ta koma hannun Ingilishi, kuma cikin 1873 akwai sojan Hausa cikin waɗanda suka yaƙi Asante a nan. Nan ne kuma aka tsare Sarkin Asante, Prempeh, cikin 1896.

Hakimi ko malaminsa da ya je da jama'a, ya kuwa so su kafa tanti, ya sani ka'idar ɗaya ce da ta gida, watau baƙo ba ya sauka sai da sanin masu gari. A nemi izini tun da rana. Kada a kafa tanti dab da ruwa, gama teku tana cika tana janyewa sau biyu a kwana, rairayin da ke bushe da la'asar ya kan nutse da dare. Wanda ya iya iyo a kogi kada ya ruɗi kansa, igiyar ruwan nan tana jan mutum ciki. A tafi da gidan sauro, a kuma kauce wa watan Mayu da Yuni, lokacin ruwa mai yawa. Mai son ɗanyen kifi ya saya tun Litinin, don masuntan Elmina ba su fita teku ran Talata.