In sayi fili a Garwa yanzu, ko in jira?

Tambaya: Haya nake a Garwa. In sayi fili yanzu, ko in jira kuɗin ruwan banki ya sauka?

Amsa: Malam, kada ka jira. Babban bankin BEAC da ke Yawunde ne ke tsayar da ma'aunin kuɗin ruwa, kuma ko ya sassauta, sauƙin kan daɗe kafin ya iso ga talaka. Fili kuwa, tun da aka kafa Jami'ar Garwa a 2022 masu nemansa ƙaruwa suke yi.

Takarda ce ta fi damuna. Shaidar Jauro, wato mai unguwa, kaɗai ba ta isa ba. A dokar filaye ta 1974, takardar mallaka ta gwamnati ce hujja, kuma a gaban notaya ake cinikin fili mai ita. Sannan ka je ka ga wurin a watan Agusta, lokacin damina, domin ambaliyar Binuwai ta 2012 ta raba mutane da yawa da gidajensu.