Wane Ne Kan Gida?

Karatu: Afisawa 5:21-33

Ɗan'uwa mai karatu, ko ka taɓa jin miji ya ɗaga murya ya ce wa matarsa, "Ni ne kan gidan nan"? Sau da yawa irin wannan miji ya haddace aya ta 22 da ta 23, amma bai ƙarasa karatun ba.

Batun matsayin namiji da mace ya daɗe yana raba kan masu bi, musamman a Amurka. A 1987 wasu fastoci da malaman tauhidi suka taru a garin Danvers, suka rubuta matsayinsu cewa darajar namiji da mace ɗaya ce a gaban Allah, amma maza aka danƙa wa shugabancin gida da aikin fasto. Hujjarsu tana cikin 1 Timoti 2:12 da tsarin halitta a Farawa 2. A 1988 wasu masu bi kuma suka kafa ƙungiya mai koyar da cewa baiwar Ruhu ce take ba mutum aiki a ikkilisiya, ko namiji ne ko mace. Su kuwa suna nuna Galatiyawa 3:28, da Debora wadda ta yi wa Isra'ila shari'a, da Bilkisu wadda ita da mijinta Akila suka ƙara wa Afolos fahimtar hanyar Allah. Har yau gardamar ba ta ƙare ba. A 2023 ƙungiyar Baftis mafi girma a Amurka ta fitar da ikkilisiyar Saddleback daga cikinta saboda ta naɗa mata fastoci.

Ikkilisiyarka tana da nata matsayi, ka kuma girmama dattawanta. Amma ka lura da abin da ɓangarorin biyu suka yarda a kai: babu ayar da ta ba miji izinin duka, ko zagi, ko barin matarsa da yunwa. Manzo Bulus ya yi wa mata magana a ayoyi uku, sa'an nan daga aya ta 25 har kusan ƙarshen surar da maza yake. Ma'aunin da ya ba miji shi ne Almasihu, wanda ya ba da ransa domin ikkilisiya. Shugaban da muke bi ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa (Yahaya 13).

'Yar'uwa, biyayyarki ga Ubangiji ce da farko. In ana cutar da ke a gida, yin shiru ba tsarki ba ne. Ki gaya wa fasto ko shugabar Zumuntar Mata.

Tambaya: Ɗan'uwa, da za a tambayi matarka yau, za ta ce shugabancinka ya yi kama da na Yesu?

Addu'a: Ya Ubangiji, ka koya mana tawali'u a gidajenmu, mu yi wa juna hidima cikin ƙauna. A cikin sunan Yesu. Amin.